Yadda Giwan Ruwa Ya Cinye Auren Sharafaddeen

Duk wanda ya taɓa cin soyayyen kifi a Morada, kasuwar kifin Omdurman, a shekarun da suka gabaci yaƙin nan, ya san Sharafaddeen ko da bai san sunansa ba. Shi ne gajeren nan mai ƙaton rawani, wanda muryarsa ke riga ƙamshin mansa isowa bakin titi. Kifinsa ba laifi. Ba zan yi masa sharri ba, ya iya sa tafarnuwa da lemon tsami, kuma ba ya ƙona wutsiya. Sai dai ba da suya ya yi suna ba. Da rantsuwa ya yi.

A kambo aka haife shi, cikin Jazira, irin bukkokin nan na 'yan ƙwadago da ke gefen gonakin auduga, inda kakanninmu da suka taso daga yamma za su Makka suka yada zango don su ɗan huta, hutun da har yau jikokinsu ba su gama ba. Ya tsinci auduga yana yaro, ya yi aikin yashe magudanan ruwa yana saurayi. Da aikin gonar ya mutu ya bi ayari zuwa Khartoum, ya sauka a unguwar Mayo, a layinmu. Abin da ya zo da shi daga kambo bai wuce tabon lauje a ƙauri ba, sai kuma imanin cewa duk namijin da baƙo ya bar gabansa bai ci ba, to ba namiji ba ne.

Wannan imani ba nasa ne shi kaɗai ba, ƙasar ce haka. Ka ce wa mutum bismilla, ya ce ya ƙoshi. Ka sake, ya ce wallahi yanzu ya wanke hannu. Kai da shi duk kun san ƙarya ce. Sai ka kama hannun jallabiyarsa ka haɗa shi da Allah. In ya ci gaba da noƙewa, ka ɗauko babbar bindiga, ka ce alayyat-talak, wato matata ta saku in ba ka ci ba. Daga nan magana ta ƙare, don babu ɗan halas ɗin da zai kashe auren wani a kan loma ɗaya. Masu hankali sukan adana wannan kalma, wani har ya mutu bai taɓa ta ba. Sharafaddeen kuwa da ita yake kurkure baki da safe. Ƙarin shayi, alayyat-talak. Kai ka hau kujera shi ya zauna ƙasa, alayyat-talak. Har a kan barkono na taɓa jin ya yi ta.

Matar da ake ta tsoma aurenta cikin kofin shayin jama'a sunanta Mawahib. Kisra take yi, wato siririyar wainar dawa da ake shafawa a kasko, tana kaiwa kasuwar Sahafa, kuma in ka ɗaga kisrarta sama kana iya hango rana ta cikinta. Ba ta da yawan magana, da yake mijinta ya cinye rabon gidan gaba ɗaya. 'Yarsu ɗaya, Layla.

Igiyar farko ta tsinke ne a kan wani ɗan'uwansa da ya kawo uwarsa asibiti daga Sinnar. Mutumin ya leƙo gaisuwa kawai, Sharafaddeen ya rantse sai ya kwana. Baƙon ya ce tsohuwa na can kwance ita kaɗai da ƙarin ruwa a hannu, ya zare hannun rigarsa ya fita. Aka je wurin limaminmu, Shehi Abdullah, tsohon Bamalike wanda bai taɓa koyon lanƙwasa magana ba. Ya ce saki ya auku, amma akwai kome. Aka yi kome.

Ta biyu cikin azumi ta tafi. Kun san yadda ake yi, maza su shimfiɗa tabarmi a bakin titi gab da magariba, a tare hanya, duk matafiyin da rana ta faɗi a kansa a sauke shi ya sha ruwa ko yana so ko ba ya so. Sharafaddeen ya warware rawaninsa, ya tsaya tsakiyar kwalta, ya hango wata babbar mota ɗauke da siminti, ya ɗaga murya ya rantse direban nan a nan zai buɗe baki. Direban gilashinsa a rufe, rediyonsa na tashi. Ya kauce ta gefen ƙasa ya wuce, ya bar mana ƙura a cikin kwanon tuwon asida. Har yau bawan Allahn nan bai san an saki mace a kansa ba.

A wannan karon sai da wan Mawahib, Muhajir, ya taso daga unguwar Hillat Kuku kafin a mayar da auren. An yi wa Sharafaddeen faɗa har ya yi hawaye, ya sumbaci kan liman, ya sumbaci kan Muhajir, saura kaɗan ya sumbaci katangar masallaci. Da aka tashi sai Mawahib ta juyo gare shi. Tana gyara mayafinta ta ce masa, a gaban kowa:

"Abu Layla, saura ɗaya. Ni ban taɓa sa mata hannu ba, a wurinka take. Ka duba yadda za ka yi da ita."

Kuma ya yi ƙoƙari, ban hana masa wannan ba. Shekaru ya yi yana kama bakinsa. Sai ka ji ya ɗauko "alay..." ya maƙale, ya ɓige da tari, har wasu masu sayen kifi suka riƙa kawo masa maganin asma. Ya koma rantsuwa da kabarin ubansa, wanda dai ba shi da sauran abin da zai yi asara.

Ana nan sai ga Amjad. Ɗan masu hali ne, an tura shi karatu waje ya dawo da gajeren wando da dabara. Dabarar ita ce ya kafa masauki can arewa, a bakin babban tafkin nan da ke kusa da iyakar Masar, inda ba hanyar kirki sai duwatsu da rairayi da kadoji, ya riƙa kwaso hawajoji, wato Turawa, a ƙaramin jirgin sama, suna zuwa kamun kifi da fatsa. Wata Juma'a ya zo Morada da baƙinsa, suka ci kifin Sharafaddeen, suka lashe yatsu. Amjad ya tambaye shi ko ya saba da ruwa, da yake a kansa duk Bahaushe masunci ne. Sharafaddeen ya ce ai shi a cikin kwale-kwale aka yanke masa cibi. Iyakar ruwan da mutumin nan ya taɓa shiga shi ne wanda ke kwanciya a layinmu da damina, shi ma sai ya tattare jallabiya har ƙugu yana salati.

Da ya kai wa Mawahib labari ba ta hana shi ba. Ta dai tambaya ko wurin akwai baƙi. Ya ce baƙi ne zalla, amma hawajoji ne, ba irin waɗanda ake yi wa rantsuwa ba. Ta ci gaba da shafa ƙullunta a kasko.

Ranar tafiya layinmu bai huta ba. Ya sayi sabon takalmin markub, ya bi gida gida yana sallama yana nuna sama da yatsa, wai duk wanda ya ji ƙarar jirgi da hantsi ya fito ya ɗaga hannu, zai gan shi. Abin da ya faru daga nan kuwa daga bakin Zubairu muka ji shi, masunci na gaske, ɗan Hillat Kuku, wanda ke tuƙa wa baƙin Amjad jirgin ruwa, kuma Allah bai hore masa riƙe sirri ba. Zubairu, da yake jirgi ɗaya suka hau, ya ce jirgin bai gama wuce Omdurman ba Sharafaddeen ya amayar da karin kumallonsa cikin rawani, sauran tafiyar kuma ya yi ta ne ido rufe yana karanta duk surar da ya sani, da waɗanda bai sani ba.

Masaukin tantuna ne a kan tudu, kowanne da gadon angareb da gidan sauro. Babu lantarki sai abin da rana ta bayar, babu sabis na waya ko ka hau dutse, wanka kuma da bokiti. Mutanen nan suna biyan abin da zai aurar da samarin layinmu kaf don su kwana cikin duhu, su yi wanka da moɗa, sauro ya yi musu kiɗa. Mu da muke da wannan duka kyauta a Mayo tun haihuwa, ba wanda ya taɓa hawo jirgi ya zo taya mu jin daɗi.

Aikin Sharafaddeen mai sauƙi ne. Da safe a fita da shi cikin jirgin ruwa tare da kaskonsa, a sauke shi a wani gaɓa, ya hura wuta, da tsakar rana masu kamu su dawo da ƙananan karfasa ya soya musu a ci a bakin ruwa. Waɗannan kaɗai aka yarda a ci. Dokar wurin, wadda Amjad ya maimaita masa da Larabci har da Hausar da bai iya ba, ita ce babban giwan ruwa ba a kashe shi. A kama, a auna tsawonsa, a rungume shi a yi hoto, wani har ya sumbace shi a goshi, sannan a mayar da shi ruwa ana ɗaga masa hannu kamar mai tafiya hajji.

Wannan abu ya hana Sharafaddeen sukuni. Mutumin da a Morada ake zage-zage a kan kan kifi guda, yau yana tsaye yana kallon walimar aure sukutum tana kaɗa wutsiya tana komawa ƙasan ruwa. Ya yi ta juya abin a ransa, har ya gano bakin zaren da kansa, ya kuma bayyana wa Zubairu. Wai kunya ce. Baƙo a ƙasar mutane ba zai miƙa hannu ya ɗauki babban yanki ba, dole ya nuna ba ya so. Jira suke a matsa musu, shi kuma Amjad, da yake a waje ya tashi, ba wanda ya koya masa yadda ake matsa wa baƙo. Zubairu ya ce masa ya yi suyarsa ya bar mutane da haukansu. Sharafaddeen ya ce shi ya sa har yau Zubairu bai wuce tuƙa jirgin wani ba.

Cikin baƙin ƙarshen kaka akwai wani dogon tsoho, wai likitan haƙori ne da ya yi ritaya, rana ta gasa shi ya yi ja kamar barkono. Ma'aikata suna kiransa Abu Malafa saboda faffaɗar hularsa. Duk shekara yakan zo neman kifi ɗaya tak, wani babba da yake mafarkinsa, ya koma bai samu ba. Kalmar Larabci ɗaya ya sani, tamam, wato ya yi daidai, kuma a kan karfasar Sharafaddeen yake kashe ta. Ya ci ya ce tamam, ya ƙara ya ce tamam. Har tabarau ya ba shi kyauta. Daga ranar Sharafaddeen ya ɗauke shi amini, yana zama kusa da shi yana ba shi labarin kambo da Hausa, tsohon yana gyaɗa kai.

Ana gobe jirgi zai zo ɗaukarsu, kifin ya kama fatsar Abu Malafa. Zubairu ya ce tun hantsi ake ja-in-ja har rana ta take, tsohon ya jiƙe sharkaf. Da aka jawo kifin zuwa gaɓar da Sharafaddeen ya hura wuta, sai ga abu ya fi shi tsawo. Na san wannan ba wani abin a-zo-a-gani ba ne, amma a faɗi ma ya fi shi. Tsohon ya shiga ruwa har ƙugu, ya tallabe kifin kamar jariri, yana kai shi gaba yana dawo da shi don ya farfaɗo, yana yi masa magana ƙasa-ƙasa, hawaye na bin kuncinsa. Amjad ya ruga cikin jirgi ɗauko abin awo da kyamara.

Sharafaddeen ya dubi amininsa tsamo-tsamo cikin ruwa, ƙarfi ya ƙare, ga arziki a hannu kunya ta hana shi ɗauka, har kuka yake. Ya ce a ransa in Amjad ba shi da tarbiyya, shi yana da ita. Ya zari itacen wuta mai kauri, ya tattare jallabiya, ya shiga ruwa, ya yi bismilla. Duka ɗaya ya yi, a tsakiyar kan kifin, yadda ake yi wa tarwaɗa a Morada.

Tsohon ya saki kifin, ya fito daga ruwa, ya je ya zauna kan dutse ya juya wa kowa baya. Amjad ya zazzage wa Sharafaddeen duk zagin da ya sani a harsuna biyu. Shi kuwa ko a jikinsa. Ya ce wa Zubairu ai farin ciki ne ya yi wa tsohon yawa, a bar shi ya huce. Ya fiɗe kifin, ya yanko wurin da ya fi kitse kusa da ciki, ya ba shi tafarnuwa da lemon tsami yadda bai taɓa ba wani kifi ba, ya soya, ya jera a faranti, ya ɗauka da hannu biyu.

Ya ajiye a gaban Abu Malafa. Tsohon ya girgiza kai. Sharafaddeen ya yi murmushi, don haka ya kamata baƙon kirki ya fara. Ya tura farantin, tsohon ya turo shi baya. Ya haɗa shi da Allah, ya haɗa shi da Annabi, ya tono kabarin ubansa. Tsohon ya ɗaga tafin hannu ya kau da kai. A nan Zubairu ya hango abin da ke tafe, ya zo ya kama bayan jallabiyarsa yana cewa ya tuna da gida. Amma ga sauran baƙi sun yi da'ira, ga matuƙa jiragen ruwa suna kallo, ga faranti yana hucewa, kuma tarin da ya saba cetonsa ranar bai zo ba.

"Alayyat-talak, ba za ka bar tafkin nan ba sai ka ci kifin nan!"

Sai da ta fita ya ji ta. Zubairu ya ce ya ga mutumin ya kai hannu baki kamar mai son kamo tsuntsun da ya riga ya tashi.

Duk fushin da Amjad yake yi, ɗan ƙasa ne, ya san nauyin abin. Ya durƙusa gaban Abu Malafa ya yi masa bayani da Turanci: mai suyar nan ya rantse da aurensa, kuma damarsa ta ƙarshe ce, ya taimaka ya ɗan gutsura ko kamar ƙwayar gyaɗa. Tsohon ya saurara har ƙarshe. Amsarsa, yadda Amjad ya fassara, ita ce yana tausaya wa matar ƙwarai, amma ba shi ya yi rantsuwa ba, kuma kifin nan mai yiwuwa ya girmi auren da ake magana, ba wanda ya tausaya masa. Ba zai sa shi a bakinsa ba. Wata baƙuwa daga gefe ta tambaya ko an nemi shawarar matar kafin a sa ta a caca. Amjad ya ce wannan ba tambayar fassarawa ba ce, amma daga baya ya gaya wa Zubairu, Zubairu kuma ya gaya wa duniya.

Abin da ya rage na ranar Sharafaddeen ya ƙarar da shi a kan dabaru. Ya niƙa naman kifin ya zuba cikin miyar waken adas. Ya cusa wani cikin burodi. Washegari har cikin ful, dafaffen waken karin kumallo, ya ɓoye shi. Abu Malafa bai sake taɓa komai da ya fito daga madafar ba, biskit ɗin jakarsa ya yi ta ci yana korawa da ruwan gora.

Da jirgin ya sauka a filin rairayin, baƙi suka shiga, Sharafaddeen ya biyo su da faranti a ka, sabon markub ɗinsa na nutsewa. Ya tsaya ƙarƙashin tagar tsohon yana ɗaga yanka guda sama yana kiran tamam, tamam, da muryar da ta dushe. Matuƙin jirgin, wani ɗan unguwar Bahri mai tausayi, ya leƙo ya karɓi yankan ya cinye, ya ce ko wannan zai yi. Aka ce masa ba shi aka yi wa rantsuwar ba. Ya ɗaga kafaɗa ya tayar da injin. Iskar farfela ta kwashi rairayi ta cika farantin, ta warware rawanin, jirgin ya ɗaga ya nufi kudu da Abu Malafa da biskit ɗinsa.

Amjad ya sallame shi a ranar. Wanda ya tafi ta sama, a bayan motar kayan abinci ya dawo, tsakanin tukwanen gas da babu komai a ciki, har garin Halfa, daga can ya hau bas. Labarin ya riga shi isowa, don Zubairu na samun sabis ya cika wayoyin Mayo da Kuku da saƙon murya. Sharafaddeen ya tarar da ƙofarsa a rufe, mabuɗi a hannun maƙwabta. Mawahib ta kwashe kaskon kisrarta da 'yarta ta koma gidan Muhajir.

Ya garzaya wurin Shehi Abdullah. Ya ce baƙon ba Musulmi ba ne, rantsuwa ba ta hawa kansa. Liman ya ce ba kansa ta hau ba, kanka ta hau. Ya ce cikin fushi ya yi ta. Liman ya ce an shaida masa yana murmushi ya ɗauki farantin. Ya ce to wurin kusa da iyaka ne, wa ya sani ko ruwan na Masar ne, a tambayi malaman can. Shehi Abdullah ya dube shi ya ce uku ta cika, ya tashi ya ba shi wuri zai yi alwala.

Daga nan Sharafaddeen ya shiga yawon malamai kamar mai neman tumatir mai araha. Mayo, Sahafa, Omdurman, ba zauren da bai durƙusa ba. A ƙarshe a bakin kaskonsa ya samu abin da yake nema. Akwai wani ɗalibi ɗan Najeriya, Nasidi, da ke karatun shari'a a ɗaya daga jami'o'in garin, yakan zo Morada cin kan kifi ranar hutu. Mutum ne mai gaskiya har ta yi masa yawa. Da ya ji labarin ya ce lallai akwai manyan malamai da ke ganin in mutum ya yi irin wannan rantsuwa don ya tilasta wani, ba don yana nufin rabuwa da matarsa ba, to rantsuwa ce kawai, kaffararta ciyar da miskinai goma. Ya ƙara da cewa akwai saɓani, amma Sharafaddeen bai tsaya jin wannan ba. Ya rungume shi, ya kira shi Shehin shehunai. Washegari ya tara miskinai, ya ɗura musu kifi har suna roƙon ya bar su su tafi.

Ya sa wankakkiyar jallabiya, ya ja Nasidi zuwa Hillat Kuku. Mu ma wasunmu muka bi, wai don mu yi shaida. Muhajir ya shimfiɗa mana tabarma a tsakar gida. Mawahib na zaune a gindin kaskonta can gefe, ba ta fasa aikinta ba. Nasidi ya yi bayani tiryan-tiryan, da sunayen littattafai, Sharafaddeen na gyaɗa kai yana cewa a ji fa, a ji fa. Da ya gama, Mawahib ta ɗaga kisra ta ajiye kan 'yan'uwanta, ta goge hannu.

"Ɗana, in tambaye ka. In ya sake yi gobe fa?"

Nasidi ya ce sai ya sake kaffara.

"In ya yi jibi?"

Ya ce haka dai, wata kaffarar.

"Wato a wurin malamanka abin ba ya ƙarewa ke nan. Ni ina zaune, shi yana rantsuwa da ni, miskinai suna cin kifi."

Nasidi ya dubi Sharafaddeen, ya dubi ƙasa. Da wani ne da ya yi kwana, amma na gaya muku gaskiya ta yi masa yawa. Ya ce, "A wannan fahimtar, Hajja, haka ne."

"To ni ta Shehi Abdullah na ɗauka," in ji ta. "Tasa tana da iyaka."

Sharafaddeen ya yi roƙo, ya yi kuka, ya tuna mata kambo, ya tuna mata ranar da aka haifi Layla. Ya juya ga Muhajir, Muhajir ya ce shi ba malami ba ne, ɗaki dai yana da shi kuma ba ya korar ƙanwarsa. Ya juya ga Nasidi ya ce ya faɗa mata dole ne. Nasidi ya ce inda malamai suka saɓa, shi ɗalibi bai isa ya ce dole ba, sai dai a je gaban alƙali. Sharafaddeen ya tuna cewa a gaban alƙali Zubairu ne shaida, ya bar maganar alƙali. Mawahib ta sa aka naɗe wa Nasidi kisra mai zafi a leda ya tafi da ita makaranta, ta ɗebi wani ƙullun ta zuba a kasko.

A gidan wanta ta gama idda. Bayan nan ta kama rumfa a kasuwar Kuku, ta huta da doguwar tafiya zuwa Sahafa, waɗanda suka gan ta kuma sun ce har ƙiba ta yi. Sharafaddeen ya koma kaskonsa a Morada, Layla na kai masa abinci ranar Juma'a. Bai taɓa yarda cewa da laifinsa a ciki ba. Duk wanda ya zauna cin kifi sai ya ji yadda wani Bature marar tarbiyya, wanda ya ci gishirinsa har ya ce tamam, ya kashe masa aure a kan loma ɗaya.